Ƙafar da Ke Taka Keken Ɗinki

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan jiki da sauƙi. Tunda ka daina ɗaukar wayata, ga takarda.

"Ke ce mai ilimin gidan?" in ji likitar, da ta tare ni a bakin ɗakin da aka kwantar da kai. "Kowa ya ce ciwon suga ne. Na auna sau uku, babu suga." Inna ta ce suga, matarka ta ce suga, har da rantsuwa. Ni na ce wiwi ne, shekara ashirin da biyu, safe da yamma, a bayan shagonka. Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce hayaƙin ne ya tsuke hanyoyin jinin ƙafarka ta dama. Shi ya sa take sanyi ƙalau, shi ya sa ka jingina ta da dutsen guga har fata ta ƙone ba ka ji ba. Yatsu biyun da suka yi baƙi sai an cire. In ka daina sha, sauran ƙafar taka ce. In ba ka daina ba, daga gwiwa za a fara magana.

Kai ka sallami kanka daga asibiti ranar Talata. Ka koma shago.

Ka huta lafiya,
Ƙanwarka

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Na ga takardarki, rubutu kamar na alƙali. Sannu da ƙoƙari! Inna kwana biyu ba ta leƙa waje ba don kunya. Ashe abin da aka koya miki a jami'a ke nan, tonon silili.

Ba ki san zafin nan ba, yarinya. Minti biyar in na taka keke sai ƙafar ta ɗaure kamar ana murɗa ta da igiya. Sai na sha take lafawa. Shi za ki ce in bari? Kuma telan da babu yatsu, da me zai taka, da kunne? Ɗinkin mutum goma sha huɗu ke rataye. In na gama zan je.

Ki gaida mijinki. Allah ya shirye ki.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na zo shago yau da hantsi, na tarar kana barci a kan benci. Ka naɗe ƙafar da ragowar yadi, har da kalmasa. Ban taɓa ganin ka yi wa kwastoma aiki mai tsabta haka ba. Na ɗaga gefe. Yatsun sun zama uku.

Ka jawo kujerarka gefe guda, silifas ɗinka na hagu ne a ƙarƙashin keken, layin ɗinkin duk ya karkace. Na gane. Ba bari kake koyo ba, takawa da hagu kake koyo.

Na taɓa ta hagun. Ita ma sanyi.

Likitar na nan Alhamis, ƙarfe tara. Ban tashe ka ba. Na ja maka ƙofar, na tafi.

Allah ya ba ka lafiya,
Ƙanwarka