Ranar da Na Kira 'Yata Miss

Lewisham, Landan
9 ga Maris, 1991

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, Allah ya sawwaƙe wa Inna ciwon gwiwa. Mu ma lafiya lau, in ban da wautar da ƙaninka ya tafka ranar Talata.

Ofishin nan da na shekara shida ina ba ku labari, gadi ne a gidan kayan tarihi. 'Yata Hannatu ma ofis na ce mata. Tsaye nake wuni tsakanin sulke biyu, na mayaƙin Japan a dama, na barden Turai a hagu. Da aji huɗu na firamare da yawan kallon rubutun jikin gilashi har na zama shehi. Na Turai ƙarfe ne zalla kamar tukunya, na Japan an ɗinke shi da zaren siliki, har da gashin baki. Mayaƙan duka biyun ubangida suke yi wa rantsuwa, wannan a ba shi gona, wancan a auna masa shinkafa, manomi kuwa ko a ina shi ke ciyar da su, kuma ba a ajiye ko fartanyarsa a gilashi ba.

To, Talata sai ga ajin su Hannatu, an kawo su su kwatanta mutanen nan biyu. Na ce bari in rufa wa yarinya asiri, kada a ce ubanta maigadi ne. Da ta nufo ni tana murmushi, sai na ƙame, na kira ta Miss da Turancina na tasha, na ce ta matsa daga jikin gilashi. Har ina yaba wa kaina dabara.

Ashe uwarta Karimatu ta daɗe da gaya mata gaskiya. Ashe sati guda tana yi wa ajin alfahari cewa babanta ne ke tsaron takubban, shi zai yi musu bayani. Yanzu maƙaryaciya suke kiranta. Da ma da Turanci take amsa mini Hausa, yau kwana huɗu ko Turancin babu.

Wai barden Turai in an kama shi fansa yake biya ya koma gida, na Japan in ya ji kunya cikinsa yake farkewa. Ni addini ya hana ni na biyun, na farkon kuma na gwada da alewa, tana nan kan tebur ba a taɓa ba. Uwarta ta kawo mini hukunci: Litinin zan je makarantar cikin yunifom, in tsaya gaban yara talatin in faɗi ko ni wane ne. Na goge rigar sau biyu.

Ka gaida Inna, da Goggo Katumi, da Saani. Ka gaya musu aikina da bakinka, ni tsayuwa gaban aji ɗaya ta ishe ni.

Ƙaninka,
Maje