Rediyon motar Baba

Yaya Ilya,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina gajiyar Abijan, ya Hajara da yara? Mu nan Azarori sai haƙuri.

Ƙanenmu Sani ya saka rediyo cikin kat-kat ɗin Baba, tsohuwar motar nan tashi, ya ɗaure wayar kai tsaye ga batiri, ko an zare makulli tana magana. Ranar kokowa duk unguwa ta wuni gindin motar tana saurare, Baba na tsakiya yana dariya. Washegari maciji ya sare shi a gona. Da za a kai shi asibitin Madawa, ashe rediyo ta shanye batiri, maza sunka tura mota cikin rairayi, ta ƙi tashi, anka koma ga amalanke. Kahin a kai Madawa Allah ya karɓi abinsa.

Ka yi wa Baba addu'a, ka gaida Hajara. Sani ya daina cin tuwo. Ka aiko mishi magana mai sanyi, taka kaɗai yake ji.

Ƙanwarka Rabi