Ɗingishin Mota

Soron Ɗinki, Kano,
10 ga Afrilu, 1999.

Zuwa ga Yayata Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Yaya Shagamu, yaya kasuwar goro? Mu nan muna lafiya, sai dai jikin Iya.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙafafunta sun kumbura, likita kuma ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji. Abu ɗaya ta roƙe ni, in kai ta ƙauyensu can bayan Dikwa ta nemi gafarar ƙanwarta, Inna Zinariya, baki da baki. Kin san sun haura shekara talatin ba sa magana, tun rabon gadon Kaka. Na ce a rubuta takarda, ta ce gafara ba goro ba ce da za a ba ɗan aike. Mun dai aika cewa muna tafe.

Hanyar kuwa kin san ta. Daga Dikwa babu kwalta, sai akori-kura da ake cusa mutane tare da awaki, Iya ba za ta iya ba. Da ruwa ya sauka kuma laka ta rufe hanya sai kaka.

Amma Allah ya kawo mafita. Alhaji Mailafiya, wanda nake yi wa gyara, ya ci zaɓen majalisa, ya ce tsohuwar mota ba ta dace da ɗan majalisa ba, ya bar mini tasa. Duk ƙafafunta huɗu suna ja, giyarta otomatik, da kanta take canjawa. Taya ɗaya ce ta baya ta fashe, na sayo gwanjo a Ƙofar Ruwa na ɗaura.

Jiya na zaga da Iya don ta ji daɗin kujerar. Da muka dawo ta ce motar nan ɗingishi take yi. Na yi dariya har da hawaye, na ce mata shekarata ashirin da biyu a ƙarƙashin mota a Ƙofar Wambai ban taɓa ganin gurguwa ba. Gaskiya dai tana ɗan fizga in za ta shiga giya ta uku, tana kuma karkarwa a kwana. Aikin kwana biyu ne.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Bukar.

*

Soron Ɗinki,
8 ga Mayu, 1999.

Yaya Hauwa,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Na sami amsarki ta hannun direban motar goro, da turaren da kika aiko wa Iya. Ta ajiye shi, wai tsarabar Inna ce.

Kin tambaya ko mun dawo. Yaya, ko tafiya ba mu yi ba, kunya ce ta hana ni rubutu.

Na zare sandar awo na shinshina man giya, ya yi baƙi yana warin ƙuna. Na juye shi, na wanke mataci, na zuba sabo. Kwana uku ta yi lafiya, sai fitilar zafin giya ta fara ƙiftawa kafin in kai Wudil. Na ce to wayoyi ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban sami komai ba. Daga nan na sauke giyar gaba ɗaya. Can ƙarshenta akwai wasu faifai da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, na tarar sun ƙone ƙurmus. Har hamdala na yi, na ce ga ɓarawon. Na yi mako guda ina yawo a Ƙofar Ruwa kafin in sami irinsu a jikin wata da ta yi haɗari.

Na ɗaura, na yi kwana huɗu ina gwaji, suka sake ƙonewa.

Ban taɓa ganin irin wannan ba. In na ɗaga ta sama ƙafafu suna lilo, giya tana shiga sumul. Da ta taka ƙasa sai ciwon ya dawo. Abokan sana'a kowa da nasa. Tanko ya ce ƙwaƙwalwar motar ce, wani ya ce sammu aka yi wa Alhaji ya faɗa kan motar. Na kore su duka, don raina a kusa yake kwanakin nan, ko Larai matata ba ta tsira ba.

Iya ta ɗaure kayanta tun makon farko, suna nan a bakin gado. Kullum na shigo sai ta dubi hannuwana, in ta ga baƙin mai ba ta tambaya. Sau ɗaya ta ce ko na duba ƙafar da ta faɗa mini, na ce ta bar wa masu aiki aikinsu. Larai ta ce in nemi shatar wata mota, na ce duk Ƙofar Wambai za su ji cewa mota ta gagari Bukar. Mako ɗaya kawai nake nema.

Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Bukar.

*

Soron Ɗinki,
30 ga Mayu, 1999.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, mu dai sai godiyar Allah.

Jiya gari ya cika da murna, soja sun miƙa mulki, kowane shago rediyo na tashi. Ni ina cikin rami a gareji, na sauke giya karo na uku. Kowa na cewa an shiga sabon zamani, ni ban ga abin da ya canja ba.

Na sauke girman kai na nemi shata, amma na makara. Duk wata mota mai ƙafa huɗu a garin nan 'yan siyasa sun kwashe ta zuwa bukukuwan rantsuwa. Wanda ya yarda ya ce sai bayan kwana goma. Likita kuma ya ce yanzu ko Wudil aka nufa da Iya ba ya ɗaukar alhaki. A watan jiya da ta iya, shi da kansa ya faɗa.

Ba ta tashi zaune sai an tallafe ta. Ta koma yin Barbarci, harshen da ta yi shekaru ba ta yi, tana kiran Larai da sunan Zinariya. Shekaranjiya hadari ya haɗu ta gabas, ta sa aka buɗe taga, ta daɗe tana kallo.

Yaya, tsoro nake ji. In kina da hali ki taho, kada ki jira wata takarda.

Bukar.

*

Soron Ɗinki,
27 ga Yuni, 1999.

Yayata Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa gida lafiya. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta.

Akwai abin da na kasa faɗa miki kina nan, don ba zan iya haɗa ido da ke ba.

Ranar sadakar uku Malam Sule mai faci ya zo gaisuwa. Da na raka shi bakin lungu inda motar take, ya tsaya ya ƙura wa tayar baya ido, ya ce wannan ai ba 'yar ɗakin sauran ba ce. Bayan ya tafi na shiga gida na kwance igiyar shanyar Iya, na zagaya kowace taya da ita. Uku daidai suke. Ta huɗun, wadda na sayo da hannuna, ta fi su da yatsa uku.

Mu da muka saba da motocin da ƙafa biyu ke ja, taya ai taya ce, wadda ta samu ita ake ɗaurawa. Wannan kuwa ƙafafunta huɗu a haɗe suke. In ɗaya ta fi tsawo, gaba da baya ba sa tafiya daidai, sai su yi ta ja-in-ja a cikin giya har faifan su ƙone. Shi ya sa take lafiya a sama, ta kamu a ƙasa. Wata biyu na bar jaki ina dukan taiki. Ɗingishi take yi, Yaya, kamar yadda Iya ta faɗa tun ranar farko tana zaune a kujerar baya, ni kuwa na yi mata dariya.

Washegari na kai wa Sule motar, ya canja tayar kafin shayinsa ya huce. Ko fizga ɗaya ba ta ƙara yi ba.

Bayan tafiyarki na ɗauki ƙunshin kayan Iya da turarenki na kama hanya. Ruwa ya yi jinkiri a can bana, hanya a bushe, motar ta kai ni har ƙofar gida ba ta yi tari ba. Da ta lalace a daji da na fi samun sauƙi.

Inna Zinariya ta tsufa, kamarsu ɗaya da Iya har muryar. Ta nuna mini ɗakin da take sharewa kullum tun da saƙonmu ya iso. Na isar da abin da Iya ta so faɗa, ta girgiza kai. Ta ce ita ba ta da abin yafewa, don ita ce ta yi rantsuwar ƙarya a kan gonar Kaka lokacin rabon gado, kuma shekara talatin tana jiran ranar da za ta durƙusa gaban yayarta ta faɗa. Ta ce yanzu wa za ta faɗa wa?

Sannan ta leƙa waje ta ga motar tana sheƙi, ta tambaye ni me ya hana in kawo ta tun da wuri, ga mota lafiyayya.

Na ce mata ƙaddara ce, ta ce haka ne, har ta sa mini albarka. Ke dai na gaya miki gaskiya. Ban ce ki yafe mini ba, don Iya ta riga ta faɗa cewa ba a aika wannan a takarda. In kin yarda in zo, motar tana bakin lungu, lafiyarta ƙalau.

Wassalam.

Ƙaninki,
Bukar.