Takalmana a Bakin Ƙofa

Luwanda, Angola

Isatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Ni lafiya lau, sai kewar miyar ganyen rogonki.

Na je ofishin jakadancinmu sabunta fasfo. Ma'aikacin, sa'an ɗana, ya ce, "Pa Jallo, a Gini aka haife ka, zama ɗan Saliyo kuwa ba ka shi aka yi. Wanda ya daɗe a waje bai leƙa gida ba, ana iya karɓe masa zama ɗan ƙasar."

Na ce, "Ɗana, ƙasa ce ko tabarmar maƙwabta?" Bai yi dariya ba. Sai na ji bakina yana cewa duk azumi a gida Firitawun nake yi. Ni da gadin kantin nan ya riƙe shekara da shekaru!

Ya ce za a aika gida a bincika. Don Allah ki fito da takalmana bakin ƙofa, in sun zo ki ce ban daɗe da komawa Angola ba.

Amma ki aiki 'yarmu Kadiyatu kasuwa tukuna. Ni na hana ta ƙarya, kada ta ji tawa a bakinki.

Allah ya rufa mana asiri.

Mijinki,
Carno Jallo