Tagwayen Tukunyar Ƙarshe ta Baba Ermete

Uwargida Clelia,

Ki agaza mini don Allah. Tun ranar Laraba abinci ba ya yi mini daɗi, ni da nake wuni a tsakiyar abincin da ya fi kowane daraja a ƙasar nan.

Sana'ata ƙwanƙwasa cuku. Shekara ashirin da shida ina zagaya rumbunan tuddan Reggio, a nan Italiya, da 'yar gudumata, ina sauraron dunƙulayen da suka cika wata goma sha biyu. Wanda ya amsa mini da murya ɗaya cikakkiya ta kowane gefe, a ɗora masa hatimin wuta. Wanda na ji kogo ko babbar tsaga a cikinsa, a kankare masa ɓawo, sunan da ke jikinsa ya gushe, ya fita kasuwa tamkar baƙon da ba a san danginsa ba. Har yau in na shiga rumbu na ɗaga kai, na ga kantoci sun hau har rufi, dubban dunƙulaye a jere, kowanne ya kusa kilo arba'in, launinsu kamar busasshiyar ciyawa da hantsi ya haska, sai na cire hula ban sani ba. Shirun wurin ya fi na coci nauyi. Na taɓa rubutawa:

Madarar maraice da ta safe suka gauraya,
Gishiri da haƙuri suka mai da su dukiya.

Matata Nives takan ce da baitocina na ƙara daɗi in sun tsufa, da tuni ta kafa musu kanta a rumbu. Ki yi haƙuri, na kauce hanya.

Baba Ermete shi ne maigidana na farko. Shekara hamsin da huɗu ya yi a bakin tukunyar tagulla, babu Lahadi babu Kirsimeti, domin shanu ba su san hutu ba. Na sha ganinsa ya tsoma hannu cikin tururi, ya damƙo ɗan abin da ya daskare, ya murza shi a tafinsa, ya ce a kashe wuta. Ma'auni bai taɓa ƙaryata hannun nan ba. Kowace tukunya, kamar yadda kika sani, tagwayen dunƙulen cuku take haihuwa, kuma mutum biyu ne suke ɗago su cikin ƙyalle. Shekara arba'in marigayiya matarsa Ilde ce take riƙe masa ɗaya bakin ƙyallen.

Bara, ranar idin Waliyi Martino, gwiwoyinsa suka gaza, ya dafa tukunyarsa ta ƙarshe. Da tagwayen suka fito daga ruwan gishiri aka hau da su kanta, sai ya ɗauki alli ya rubuta a jikin katako, ƙarƙashin ɗaya Ermete, ƙarƙashin ɗaya Ilde. Ya shaida wa kowa a ƙauyen cewa nasa na 'ya'yansa ne, nata kuma za a fasa shi a dandali bayan shekara biyu, ranar da zai cika tamanin.

Ranar Laraba zagayena ya kai rumbunsu. Ya zo da sandarsa da rigar Lahadi, ya tsaya a gefena. Aka sauko da Ermete, na buga. Uwargida, na saurari dunƙulaye fiye da yadda zan iya ƙirgawa, amma irin wannan amsa ban ji ta ba sai sau uku ko huɗu a rayuwata: murya mai zurfi, a dunƙule, ba ta rawa, kamar ƙasa ce da kanta take magana. Tsigar jikina ta tashi.

Aka sauko da Ilde. Saman ya amsa lafiya, gefe ma haka. Da na juya shi na buga kusa da tsakiya, sai na ji kogo. Na sake bugawa, na kuma sakewa. Tsaga ce, kuma ba ƙarama ba.

Ina ta jujjuya gudumar a hannu har ya zungure ni da sanda ya ce, “Kai mai baitoci, kunne ne ya toshe ko waƙa kake haɗawa?” Ni kuwa, da furfurata, na ce masa mura ce ta kama ni, zan dawo ranar Litinin.

In na ɗora hatimin, babu mai tuhumata, domin maganata ce ake bi. In na ƙi, da hannuna na sa a kankare Ilde a gaban mutumin da ya koya mini sauraro. Nives ta ce in ce ban da lafiya a turo wani. Wannan kuwa gudu ne, na sani. Me zan yi?

Mai guduma, daga tudu

*

Malam mai guduma,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, har da baitocin, kuma ka gaya wa Nives ta yi musu sassauci.

Tausayinka ba laifi ba ne. Wanda zai kankare wannan dunƙule zuciyarsa ba ta motsa ba, bai cancanci riƙe guduma ba. Amma hatimin ba naka ba ne da za ka yi kyauta da shi. Alkawari ne ga duk wanda zai sa wuƙa, kuma ranar fasawa tsaga ba ta ɓuya. Ka duba dandalin nan baɗi: ƙauye ya taru, an raba dunƙule gida biyu, kowa ya ga abin da ke ciki da hatiminka a bayansa. Kunyar da kake gudar masa yau a gaban mutum uku, ka tanadar masa ita a gaban ɗari uku.

Abu na biyu: mutumin da ya yi shekara hamsin da huɗu cikin wannan aiki yana tsaye taku ɗaya daga gudumarka, ka buga wuri ɗaya sau uku. Kana zaton bai ji ba? Ni ina ganin ya ji, kuma abin da yake kwana da shi tun Laraba shi ne ganin ka ɗauke shi tsohon da sai an lallaɓa.

Kada ka turo wani, kada kuma ka jira Litinin. Ka je ranar Asabar, ku biyu kaɗai. Ka fara da gaya masa cewa ba ka yi mura ba. Sannan ka faɗa masa abin da ka ji a dunƙulen farko, da kalmomin da ka rubuto mini, domin haƙƙinsa ne ya ji su. Daga nan ka miƙa masa gudumar ya buga na biyun da kansa.

Tsaga tana hana hatimi da doguwar ajiya, amma sau da yawa ba ta taɓa ɗanɗano. Ka ba shi shawara a kai shi gida, a fasa shi a wannan hunturun tare da 'ya'yansa da waɗanda suka san Ilde. Na dandali kuma ga ɗan'uwansa nan.

Zai yiwu ya yi faɗa, zai yiwu ya yi shiru, zai yiwu ya fara ba ka labarin yadda take riƙe ƙyalle. Ko wanne ya zaɓa, ka jawo kujera ka zauna har ya gama.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya kai Baba Ermete tamanin lafiya.

Clelia