Sai Gero Ya Nuna

Yaya Nababa,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Inna? Yaya kuke fama da tsadar hatsi a Kunci? Allah ya kawo sauƙi.

Mu lafiya lau, sai dai zama. Takardata ta zama a ƙasar nan, ta mijin ma'aikaciyar jakadanci, ta hana ni aiki. Ni da na shekara ashirin ina noma, yanzu Asama'u ta tafi ofis, ni in yi gadin kujera. Ba laifinta ba ne, ita ma wahala take sha.

Irin geron da ka ƙulle mini, na tuge ciyawar adon tsakar gida na shuka shi. Masu gidan sun kai ƙara ofishin su Asama'u, wai in cire kafin Juma'a. Na ce zan mayar musu da ciyawarsu da hannuna, amma bayan girbi. Yaya, gero ya fitar da kai! A gidanmu wa ya taɓa sare gero ɗanye?

Masu ce mini mijin Hajiya a majalisa, ka gaishe su. Ka gaya wa Inna zangarniyar farko tata ce.

Ƙaninka,
Uwaisu