Na Kulle Imel ɗin Baba, Shi Kuma Ya Rufe Kwamfutar

Assalamu alaikum Hajiya Maimunat. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙata, ni mai dogon bayani ce, a gida ma an san ni da haka. Daga garin Isa nake rubuto miki. Na yi wani aiki da nake ganin ko Sakkwato aka kai shi sai an jinjina min, amma yau ga shi can an lulluɓe da zane a kan kabad, kuma wanda ya sa aka lulluɓe shin mahaifina ne.

Baba malami ne, gidanmu gidan karatu ne tun kakanni. Abin da aka fi saninsa da shi amsa tambayoyin mata, irin waɗanda mace ba ta iya buɗe baki ta yi su a zaure: tsarki, jinin biƙi, idda, ramuwar azumi, abin da ke tsakaninta da mijinta. Tsarinsa ɗaya ne tun kafin a haife ni. Mace ta rubuta da ajami, ko ta faɗa wa malamar da ta yarda da ita ta rubuta mata, a ninke takardar a ɗaure da zare, a ba mai zuwa kasuwa. Baba shi kaɗai ke kwance zaren. Ya karanta, ya rubuta amsa, ita kuma takardar tambayar ya jefa ta kaskon wuta. Ko mahaifiyarmu ba ta taɓa ganin ɗaya ba, kuma ba don ba ta so ba.

To kin san yadda hanyoyinmu suka koma. Ba mai tasowa daga Tozai ko Tsamaye ya sa ransa a hannu saboda takarda ɗaya. Tambayoyi suka ɗauke, Baba ya shiga damuwa, don ya san ba ƙarewa suka yi ba. Ni na kawo maganar imel. Na yi karatun kwamfuta a Sakkwato, kuma ba yabon kai ba, a ajinmu maza ke leƙen aikina. Na ce ɗalibansa mata da ke koyarwa a ƙauyuka, irin su Malama Kubura ta Tozai, su riƙa ɗaukar hoton takardar da waya su turo duk sa'ad da suka samu sabis. Na sa wa kwamfutar gida manhajar imel mai sauko da saƙonni ta ajiye, don ko sabis ya ɗauke Baba ya iya karantawa. In saƙo ya zo sai in juya masa fuskar kwamfutar in fita. Amsa kuma ya rubuta da alƙalaminsa, ya kifa takardar a kan sikana, na'urar ɗaukar hoton takarda, da hannunsa, ni in tura ba tare da na duba ba. In ya gama ya sa in goge tambayar yana kallo. Abin ya karɓu, har daga Gangara aka fara turowa.

Ana nan sai yayana, mu kira shi Maliki, ya ari kwamfutar ya buɗe nasa imel, ya danna wani saƙo wai gayyatar taro. Ashe bairos ne, cutar kwamfuta. Ya cinye hotunan littattafan kakanmu da na shafe damina guda ina ɗauka shafi-shafi. Na yi kuka, ba ni ɓoye miki, don wasu shafukan sun tsufan da ba su jure a sake taɓa su. Daga nan na yi alwashin babu abin da zai ƙara shiga kwamfutar nan ba a bincike shi ba. Na wanke ta tas, na sa antibairos mai kyau don ya riƙa kama irin wannan cuta, na kunna sashensa mai binciken imel.

Nan rigima ta fara. Manhajar imel ɗin na saita ta ne ta riƙa magana da kamfanin imel a kulle, yadda ko wani ya tare saƙo a hanya ba zai ga komai ba sai shirme. Shi kuwa antibairos ba ya iya bincikar abin da ke kulle, don haka sai ya shiga tsakani: ya karɓi saƙon, ya buɗe, ya duba, ya sake kullewa da nasa makullin, sannan ya miƙa wa manhajar. Ita kuma ta ce ba ta san wannan baƙon ba, takardar shaidarsa ba ta kamfanin ba ce, ta ƙi karɓar ko saƙo ɗaya. Kullum jan gargaɗi a fuskar kwamfuta. Maliki ya tambayo wani mai gyaran waya a kasuwa, ya dawo yana hura hanci wai maganin mai sauƙi ne, a cire kullen gaba ɗaya saƙo ya shigo a buɗe. Na ce ai wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Sirrin matan mutane ya riƙa yawo tsirara don mu huta da jan rubutu? Na ƙi, ya yi fushinsa ya gama.

Hajiya, na ci kwakwa. Na ƙona data ina karatu, ina gwadawa tana ƙi. Daga ƙarshe na gano bakin zaren: ashe manhajar tana da nata ma'ajin takardun shaida, daban da na kwamfutar. Na fitar da takardar shaidar antibairos ɗin, na shigar da ita ma'ajin manhajar, na ce ta amince da ita. A saitin manhajar na mayar da saƙo mai shigowa ƙofa mai lamba 993, mai fita ta 465, duka a kulle. Ina dannawa saƙonni suka zubo, babu gargaɗi, kowanne ya bi ta hannun mai bincike. Na tashi na rangaɗa guɗa ni kaɗai a ɗaki, har mahaifiyarmu ta leƙo tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Murna ce ta kai ni wurin Baba. Na zauna na kwashe masa labari dalla-dalla, don ina so ya san 'yarsa ba wasa ta je yi Sakkwato ba. Na ce yanzu akwai mai gadi da ke buɗe kowane saƙo ya duba kafin ya iso gare shi. Sai ya ajiye carbi ya dube ni.

Ya ce, “Ɗiyata, matan ga ni sunka ba amana. Ba su ba wani ɗan aike mai kwance zare bisa hanya ba. In wani ya riga ni gani, ba ni karɓa.”

Na ce ba mutum ba ne, ba shi da ido ba shi da baki. Ya tambaye ni wa ya ƙera shi, kuma ko na tabbata ba ya kai wa ubangidansa labari. Wannan kam ban duba ba. Ya ce a rufe kwamfutar.

Yanzu saƙonni na can suna taruwa. Malama Kubura ta kira ni ta ce akwai wata da ke zuwa ƙofarta kullum tana tambaya ko amsa ta zo, ga azumi ya ƙarato, ita ba ta san matsayinta ba. Maliki ya ce in daina wahalar da kaina, in gaya wa Baba na cire mai gadin in bar shi yana aikinsa, tunda tsoho ba ganewa zai yi ba. Zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Amma kuma ba ni son rushe abin da na sha wuya na gina, kuma ba za ni yarda a sake yi mana ɓarna irin ta baya ba. Ni dai na san aikina daidai yake. Ki gaya min yadda za ni yi in fahimtar da shi.

'Yar Malam, Isa

AMSA

Wa alaikumus salam 'Yar Malam. Da farko dai sannu da aiki. Mutane da yawa in jan gargaɗin nan ya fito, shawarar mai gyaran wayar suke bi su huta. Ke kin ƙi cire kulle, kin nemo inda matsalar take, kin warware ta yadda ya kamata. Ki yi alfaharinki, kin cancanta.

Sai dai Malam ma bai yi kuskure ba. Da kika shigar da takardar shaidar nan, kin ba antibairos, wanda wani kamfani ya ƙera, makullin kowane saƙo. Gaskiya ne a cikin kwamfutarki ake binciken, kuma alamun cuta yake nema, ba ma'anar rubutu ba. Amma da yawa daga cikin irin waɗannan antibairos suna zuwa da wani saiti a kunne, wanda ke tura abin da suka yi shakkarsa zuwa kamfaninsu don a ƙara dubawa. Da wuya hoton takardar wata baiwar Allah ya faɗa ciki, amma ba ki da tabbacin da za ki ba shi, kuma shi tabbaci ya ba matan nan.

Shawarar yayanki ki watsar da ita. In kika ce kin cire mai gadin alhali yana nan, kin sa Malam yana tabbatar wa mata abin da ba haka yake ba, da bakinsa, bai sani ba. Ranar da ya gane, ba zai ƙara yarda da hannunki a kan takarda ba, kuma da gaskiyarsa.

Ga abin da nake ganin za ki yi. Ki kashe sashen binciken imel kaɗai, ki cire takardar shaidar antibairos daga ma'ajin manhajar, kulle da ƙofofin nan biyu kuma ki bar su yadda kika saita. Manhajar za ta koma magana da kamfanin imel kai tsaye, babu mai tsayawa tsakani. Ki nemo saitin nan mai tura samfur zuwa kamfaninsu ki kashe shi. Sauran antibairos ɗin ki bar shi a kunne, don sashen da ke sa ido kan abin da aka ajiye ko za a buɗe, shi ke kama mugun abu a lokacin da yake shirin yin ɓarna. Tsaron da za ki rasa kaɗan ne. Ki tuna kuma cutar da ta cinye miki hotuna ba daga matan ta zo ba, daga aron kwamfuta ta zo. Kada a ƙara buɗe imel ɗin kowa a kanta, kada a buɗe komai sai hoton da ya fito daga malaman da kuka sani, duk abin da kike jin asararsa kuma ki ajiye kwafinsa a waje.

Bayan haka ki gaya wa Malam komai, har abin da bai tambaya ba. Ki ce mai gadin ya bar hanya amma yana cikin gida yana duba abin da aka sauke. Ki ce shi kulle, hanya kaɗai yake tsarewa, saƙo kuwa yana zama a rumbun kamfanin imel har sai an goge shi, don haka dole a riƙa share kwandon sharar imel ɗin, malaman ma su goge hoton daga wayoyinsu. In ya ce duban cikin gidan ma bai yarda ba, akwai saitin da za ki ware ma'ajin tambayoyin daga bincike. Da ƙa'idar hoto kaɗai daga sanannun hannaye, haɗarin abin ɗauka ne. Shi ya yi alƙawarin, shi ke da yanke hukunci.

Na san inda zai yi miki ciwo. Sashen da kika fi shan wuya a kansa shi nake cewa ki kwance. Ki kwance shi da hannunki a gabansa, kina gaya masa abin da kowace dannawa ke yi, kuma kada ki je da niyyar cin gardama. Kada ma ki jira sai ranki ya huce. Akwai mace a Tozai da ba ruwanta da kulle ko mai gadi, ita dai azumi na tafe ba ta san ko za ta ɗauka ba. In Malam ya amince, saƙonnin Malama Kubura za ki fara sa masa a gaba.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya yi miki albarka a wannan ilimi naki, ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu.